Shanun Zandam da Layin da Aka Kashe

Ruwan shuka ya sauka a ƙasar Gwaram ranar Talata. Washegari da hantsi Malam Ishiyaku na Zandam ya shigo caji ofis riƙe da guntayen igiya biyu, babu shanun da ake ɗaurewa da su.

Sufeto Ƙasimu ne ya karɓe shi. Mutum ne mai sanyin magana, wanda abokan aikinsa ke cewa ba ya ƙure mai ƙarya, barinsa yake yi ya yi ta zuba har ya ƙure kansa. Ya sa aka ba dattijon kujera da ruwa.

"Baba, me aka ɗauke maka?"

"Bijimaina na huɗa, ranka ya daɗe, fari da ja. Da su nake huɗar gonata da ta marayun ƙanena. Na fito sallar asuba na tarar da turke wayam."

"Ba ka ji motsi ba?"

"Ban ji ba. Abin da ya kamata ya tashe ni kuma bai tashe ni ba."

Sufeto ya tambaye shi mene ne wannan abin. Malam Ishiyaku ya ce bara ƙungiyar manoma ta ɗaura wa shanun huɗa wani abin wuya, ɗan akwati ne bai fi tafin hannu ba. Da zarar bijimi ya fita daga garinsu sai saƙo ya shigo wayar mai shi, ya kuma ci gaba da faɗin inda dabbar take. Wata matashiya ce a Birnin Kudu, Ummussalma, ta ƙera shi.

"Ya taɓa yin aiki?"

"Da rani jan ya tsinke ya bi wata saniya. Kafin ya kai rafi wayata ta yi kuka. Saboda shi ne ma na daina kwana a bakin turke."

Ya miƙo wayar. Sufeto ya duba, babu saƙo ko ɗaya.

"Wa ya taɓa abin wuyan a kwanakin nan?"

"Ikrima, wan yarinyar. Ya zo makon jiya ya tattara na Zandam gaba ɗaya, ya ce za a canja batir a sabunta su. Ya dawo da su ya ɗaura da hannunsa." Dattijon ya juya igiyar a hannu. "Sufeto, ƙasa ta jiƙa. In huɗa ta wuce ni, damina ta wuce gida biyu."

Sufeto ya ɗauki Saje Rahamatu suka nufi Zandam. A bayan gari, inda hanyar amalanke ta haɗu da titi, suka ga sawun shanu ya yanke a gindin sawun tayar babbar mota. Ba kora aka yi ba, lodi aka yi.

Sufeto ya roƙi maƙwabcin Malam Ishiyaku ya kwance nasa bijimin, mai irin wannan abin wuyan, ya ja shi har bayan gari. Mutumin ya ja shi, suka tsaya suna kallon wayarsa. Shiru. Aka gwada na wani, shi ma shiru.

"Ba na Baba kaɗai ba ne, Yallaɓai," in ji Saje Rahamatu. "Duk na garin nan kurame ne."

"Kuma ba su san da haka ba," in ji Sufeto. Ya gaya wa mai unguwa kowa ya koma kwana kusa da turkensa sai an ji daga gare shi.

Washegari da safe suka isa Birnin Kudu. Sai da Sufeto ya leƙa caji ofis na garin ya sanar da zuwansa, sannan suka nemi shagon Ummussalma. Ɗaki biyu ne a bayan tasha. A na gaba wani dogon mutum ne zaune a bakin benci yana liƙa waya da dalma. Shi ne Ikrima. Ya tashi ya gaishe su cikin ladabi.

"Mun ji labari, ranka ya daɗe. Allah ya mayar masa da alheri."

"Amin. Kai ka sabunta na Zandam?"

"Ni na canja batir. Manhajar da ake zubawa a ciki kuwa ƙanwata ce ke haɗawa, ni dai in sa waya in zuba. Nawa aikin dalma ne da sukurdireba. Wancan rubutun nata ko kallonsa na yi kaina ke ciwo."

Sufeto ya gyaɗa kai. Ya bar Saje Rahamatu tana rubuta bayaninsa, ya shiga ɗakin ciki ya tura ƙofa.

Ummussalma na zaune gaban kwamfuta, idanunta sun yi ja. Ta ce tun jiya take neman inda matsalar take. Ta gwada batir, ta gwada layin waya, duk lafiya.

"Wa ya haɗa manhajar da aka zuba wa na Zandam?"

"Ni ce."

"Wa ke taɓa kwamfutar nan ban da ke?"

"Babu kowa."

Ta amsa da sauri, ba ta kuma dube shi ba. Sufeto ya jawo kujera.

"Nuna mini wurin da aka rubuta a aika wa manomi saƙo. Ki yi mini bayani kamar wanda bai san komai ba, don ban sani ba."

Ta ce wannan wurin ba ta ma duba shi ba, tun bara yake aiki, ba wanda ke taɓa shi. Ta buɗe rubutun tana gangarawa. Layuka ne masu launi, shuɗi da kore da ruwan ɗorawa. Can sai hannunta ya tsaya. Daga wani layi zuwa ƙasa rubutun duk ya dusashe, ya koma toka-toka.

"Me ya sa nan ya koɗe?"

"An kashe shi," ta ce a hankali. Ta nuna layin da ke sama, inda aka rubuta #if 0. "Wannan sharaɗi ne. Kalmar farko tana nufin 'idan'. Abin da na rubuta a nan da shi ne #if NA_GONA, wato idan wanda za a ɗaura wa shanun gona ake haɗawa, a sa abin da ke ƙasa. Sifiri kuwa yana nufin a'a har abada. In an zo haɗa manhaja, duk abin da ke ƙarƙashinsa tsallake shi ake yi kamar ba a rubuta ba. Rubutun yana nan, amma ba ya shiga cikin na'ura."

"Ke nan ba gogewa aka yi ba."

"A'a. Kalma ɗaya aka canja."

"Ke kika canja?"

"Wataƙila ni ce. Nakan kashe wani sashe in ina gwaji. Wataƙila na manta ban mayar ba."

"Nuna mini wasu da kika kashe."

Ta koma sama ta nuna masa guda, ta kuma nuna wani. Sufeto ya sa tabarau ya matso. A saman kowanne akwai ɗan rubutu da Hausa. Ɗaya ya ce an kashe fitila saboda tana cin batir. Ɗaya ya ce an kashe ƙara saboda tana firgita shanu.

"Ke mai barin dalili ce," in ji shi. "Ina dalilin wannan?"

Ta kawar da ido daga allon.

"To, bar shi. A ina abin da aka kashe ya ƙare?"

"A wani layi da ake kira #endif, shi ne iyakar sharaɗin. Yana can ƙasa da nisa. Amma akwai maɓallin da ke tsallakawa daga sharaɗi zuwa abokinsa, ba sai na yi ta gangarawa ba."

Ta ɗora alama a kan layin ta danna. Allon ya yi tsalle. Sai dai ba a iyakar ya sauka ba. Ya sauka a kan wani layi mai #else, ƙarƙashinsa kuma akwai sashe a naɗe, layi ɗaya kawai ake gani. Ta buɗe shi. Rubutun ciki yana da launinsa sarai, bai dusashe ba.

Ummussalma ta janye hannunta daga kwamfutar.

"Mene ne?" in ji Sufeto.

"Na manta da wannan. Yana nufin 'in ba haka ba'. Sharaɗin reshe biyu gare shi, Yallaɓai. In na sama ya mutu, na ƙasa ne ke tashi. Kamar ban ruwa ne, ka toshe wannan bakin ruwa ya bi wancan."

"Na ƙasan me yake yi?"

"Na gwaji ne, tun lokacin da nake ƙera na farko. Saƙon yake aikawa, amma ba ga manomi ba. Ga tsohuwar wayata ta gwaji."

"Wanda ya canja kalmar bai ga wannan ba?"

"A naɗe yake, kuma yana da nisa da saman. In mutum bai tsallaka ya duba ba, zai ɗauka ya kashe komai."

Ita kanta ta ji abin da ta faɗa. Ta sunkuyar da kai.

"Ina wayar?"

"Tana Wurno. Na ba Dada, kakarmu, don mu riƙa kiranta."

Sufeto ya ce ta rufe kwamfutar ta ɗauko. Da suka fito ɗakin gaba ya dubi Ikrima.

"Za mu tafi da ƙanwarka ofis. Ta amsa cewa ita ta haɗa manhajar, akwai tambayoyin da za ta amsa."

Ikrima ya dubi ƙanwarsa, ya dubi bencinsa. "To, ranka ya daɗe. Ni zan kula da shago."

Iyakar abin da ya ce ke nan. A mota Ummussalma ta juya fuska wajen taga har suka fita gari.

Sun tarar da Dada a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar iri. Tsohuwa ce ƙarama mai kaifin ido. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta dubi kakin Saje Rahamatu, ta dubi jikarta.

"Ke kuma me kika yi har kika zo mini da hukuma?"

"Ba komai, Dada. Wayar nan da na ba ki muke nema."

"Wannan fitinanniyar? Kwanan nan ba ta da aiki sai kuka kamar ɗan tsako. Na sa ta a kwalla na rufe."

Ta shiga ɗaki ta fito da kwallar, ta ciro wayar daga cikin tsumma.

"Inna, kin nuna wa wani?" in ji Sufeto.

"Ranar Juma'a Ikrima ya biyo, na ce ya duba mini abin da ke damunta. Yana sauri, ko karɓa bai yi ba. Ya ce tallace-tallacen kamfani ne, in rabu da ita."

Saƙonni sun cika wayar. Kowanne da lambar abin wuya da wasu alƙaluma. Ummussalma ta ware na Malam Ishiyaku, ta riƙa sa alƙaluman a taswirar wayarta ɗaya bayan ɗaya, Sufeto na kallo. Hanyar ta fito fili. Daga Zandam aka hau titi, aka yi doguwar tsayawa a wani wuri a gefen Kwandiko, daga nan aka miƙe zuwa tashar Birnin Kudu.

"Shanu ba za su shiga tasha da rana ba a gani ba," in ji Saje Rahamatu.

"An sauke su a Kwandiko," in ji Sufeto. "Abin wuyan ne ya ci gaba da tafiya. Saƙon ƙarshe fa?"

Ummussalma ta sa alƙaluman. Ta daɗe tana kallon allon kafin ta miƙa masa. Ɗigon ya tsaya a bayan tasha, a ƙofar shagonsu.

Suka yi wa Dada sallama. Sai da suka fito zaure Ummussalma ta tsaya.

"Yallaɓai, na yi maka ƙarya. Makon jiya ina Kano wajen wani horo. Na bar wa Yaya kwamfutar, shi ya haɗa ya zuba."

"Ya ce rubutun na sa shi ciwon kai."

"Shi ya fara koya mini shi. Da na ga layin nan zuciyata ta ba ni, amma na ce ko kuskure ya yi. Na ga in na ɗauka a kaina, iyaka a ce na yi sakaci."

"Da kin ɗauka, da shanun sun wuce," in ji Sufeto ba tare da faɗa ba. "Za ki sake ba da bayaninki, a rubuta."

Ya buga wa ofishinsu na Gwaram waya ya ba su kwatancen wurin da aka tsaya a gefen Kwandiko. Su kuma suka dakata a caji ofis na Birnin Kudu. Bayan azahar wani kofur ya kira daga Gwaram. An samu bijiman biyu a wani kangon gida mai katanga a gefen Kwandiko, an zuba musu harawa. An kama wani direban babbar mota, Maikano, wanda ya zo duba su. Ranar kasuwa yake jira ya haɗa su da lodin kudu. Ya ce tsintarsu ya yi a titi.

"Ku riƙe shi," in ji Sufeto. "A kira Malam Ishiyaku ya zo ya shaida dabbobinsa."

Da la'asar suka koma shagon. Ikrima na nan a bencinsa. Ganin ƙanwarsa tare da su ya sa ya miƙe.

"An sake ta ke nan? Alhamdu lillahi."

"Zauna, Malam Ikrima. Ka san wani direba Maikano?"

"Nan bayan tasha muke, direbobi duk mun san su sama-sama."

"Yaushe rabonka da shi?"

"An kwana biyu. Ba zan iya tunawa ba."

"Abin wuyan shanun Malam Ishiyaku fa, a ganinka ina suke yanzu?"

"Ai ɓarawo yankewa zai yi ya jefar a daji."

"Haka ni ma na zata. Saje, duba mana ƙarƙashin bencin nan."

Saje Rahamatu ta jawo kwalaye. A na ƙarshe, ƙarƙashin tarin matattun caja, ta ciro abin wuya biyu, maɗaurinsu yanke da wuƙa, da gashin jan bijimi maƙale a jikin ɗaya.

"Irinsu da yawa ake kawowa gyara," in ji Ikrima.

Sufeto ya ajiye wayar Dada a kan benci, ya buɗe saƙon ƙarshe. Ya sa Ummussalma ta karanta lambar da ke cikin saƙon, ya sa Saje ta karanta wadda ke jikin abin wuyan. Lamba ɗaya ce.

"Ba zai yiwu ba," in ji Ikrima. "Waɗannan ba sa aika komai."

"Wa ya gaya maka? Ni ban ce maka sun daina aikawa ba. Abin da kowa ya sani kawai, manoma ba su samu saƙo ba."

Ummussalma ta buɗe kwamfutar ta juya masa allon. Ta ɗora alama a kan layin da ya canja, ta danna maɓallin. Allon ya tsallaka ya sauka a kan reshe na biyu. Ya matso ya karanta shi tun daga farko har ƙarshe, leɓɓansa na motsi. Da ya kai kan lambar wayar sai ya dubi wadda ke kan benci. Ya gane ta.

"Ita ce Dada ta ce in duba mata," ya ce, kamar da kansa yake magana.

Ya koma ya zauna.

"Ni na canja. Ita ba ta sani ba."

"Don me?" in ji Sufeto.

"Ni na kawo kwamfutar farko gidanmu. Ni na zaunar da ita na koya mata. Akwatin nan ni na zana shi, ni nake yawo ƙauye-ƙauye a babur ina ɗaurawa. Amma duk inda na je sai a ce ga yaron shagon Ummussalma ya zo. Ranar da ƙungiya ta yi taro aka karrama ta, ni kujeru na jera." Ya shafa fuska. "Da farko so nake kawai abin ya gaza sau ɗaya, a zo a neme ni in gyara, a san ni ma da hannuna a ciki."

"Maikano fa?"

"Muna hira a tasha na ce masa na Zandam ba sa ji ba sa gani. Ya ce in haka ne akwai rabona. Na ce ya dawo mini da abin wuyan kada wani ya tsinta a bincika."

"Ka san abin da zai yi da maganar?"

Ikrima ya sunkuyar da kai. "Na sani."

"Da safe na ce zan tafi da ƙanwarka. Ka ce za ka kula da shago."

Bai ɗago ba.

"Yaya," in ji Ummussalma, "da ka ce mini sunanka kake so a jiki, da na rubuta shi a gaban nawa. Mutanen nan sun daina kwana a turke ne don mun ce musu su kwanta."

Wayar Sufeto ta yi ƙara. Kofur ne daga Gwaram. Malam Ishiyaku ya zo ya shaida bijimansa, yana tambaya ko za a ba shi su yau, don gobe yake son shiga gona. Sufeto ya ce a ɗauki hotonsu, ya sa hannu, a ba shi. Maikano kuma, da ya ji an samu abin wuyan, ya daina maganar tsintuwa.

Saje Rahamatu ta tattara abin wuyan da wayar da kwamfutar a matsayin shaida. Ummussalma ta roƙi a bar ta ta mayar da kalmar, saboda sauran shanun Zandam. Sufeto ya ce wannan kwamfutar ba za a taɓa ta ba sai alƙali ya gani, amma za a ba ta kwafin rubutun ta gyara a wata, gobe kuma zai ba ta ɗan sanda ya raka ta Zandam.

Sannan ya ciro ankwa. Ikrima ya miƙa hannuwansa da kansa. A bakin ƙofa ya tsaya ya waiwayo.

"Ummu, kada ki gaya wa Dada."

"Wayarta na hannun hukuma, Yaya," ta ce. "Za ta tambaye ni dalili, ni kuma na gama yin ƙarya saboda kai."

Sufeto Ƙasimu ya dafa kafaɗarsa, suka fita zuwa mota.